Kunnen Malam Sallau

Watan Zulfa uku da fara karanta labaran ƙarfe goma sha biyu na rana a gidan rediyon, kuma a cikin wata ukun nan babu wanda ya ƙure haƙurinta irin Malam Sallau. Shi ne mai fassara. 'Yan rahoto su rubuto labari da Turanci, edita ya duba, sannan a miƙa wa Malam Sallau ya mai da shi Hausa kafin ya iso hannunta. Dattijo ne siriri mai farin gemu. Iyayensa Katsinawa ne, amma a Gombe aka yanke masa cibiya. Ya yi shekara ashirin da bakwai yana wannan aiki a gidan rediyon gwamnati, da ya yi ritaya sai wannan tasha mai zaman kanta ta ɗauke shi. Teburinsa na can lungu kusa da taga, da jan biro a saƙale a kunnensa kullum.

Abin da ke ba ta haushi shi ne jinkirinsa. Takarda ba ta zuwa hannunta sai saura minti biyar, wani lokaci uku. Idan an rubuto cewa gwamnati ta haƙa rijiyar burtsatse arba'in, shi sai ya rubuta gwamnati ta ce ta haƙa. Ran nan ta kasa daurewa.

"Baba, ai duk ɗaya ne."

"Kin ƙirga su?" in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

"A'a."

"To ni ma ban ƙirga ba, Zulfa'u. Su suka ce, mu kuma mu ce sun ce."

Samarin ofis suna kiransa Baba Ana-Zargi a bayan idonsa. Ita ma ta sha yin dariyar sunan.

Wata Talata cikin watan Agusta, an wayi gari da ruwan sama, bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe tara. Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna wayoyin ɗakin labarai suka fara kuka kusan lokaci guda. Bidiyo ne ke yawo. Wata mata ce zaune a ƙasa, zaninta ya yage, fuskarta ta kumbura da jini, mutane sun yi mata zobe suna ihu, wani na dukanta da bel. A ƙarƙashi an rubuta cewa an kama Madam Olivia, mai makarantar renon yara a unguwar Pantami, da yara uku a bayan mota za ta fita da su gari. Wani shafin labarai na Fesbuk mai mabiya da yawa ya riga ya wallafa.

Zulfa ba ta gama kallo ba wayarta ta yi ƙara. Yayarta ce, Bilkis, tana kuka. 'Yarta Hikima, mai shekara huɗu, a makarantar take.

"Na shiga uku, Zulfa! Ina kasuwa, ga ni nan na kama hanya. Dama an sha ce min in cire ta daga hannun mutanen nan, na ƙi ji."

Zulfa ta tuna Hikima da 'yar jakarta mai hoton kyanwa. Ta sake duban matar da ke ƙasa a bidiyon, ta ji ko kaɗan ba ta tausaya mata ba.

Ibrahim Khalil, shugaban sashen labarai, ya fito daga ofishinsa da takarda a hannu. Mutum ne mai zafin nama, ya tsani a riga shi ba da labari. Ya kira kakakin 'yan sanda sau uku ba a ɗauka ba, don haka ya zauna ya rubuta labarin da kansa.

"Malam, wannan shi ne kan labarai. Minti goma, don Allah. Yau ban da jan biro."

Malam Sallau ya karanta takardar har ƙarshe, ya ajiye ta.

"Wa ya je wurin?"

"Ga bidiyo, Malam. Me kuma ake nema?"

"Zulfa'u, ara min abin kunnenki."

Ta miƙa masa waya da abin sauraro cikin ƙosawa. Ya cusa abin a kunne, ya kifa wayar a kan tebur, ya rufe ido. Bai kalli hoton ba sam. Da bidiyon ya ƙare ya ce ta sake kunna masa. Ta sake. Ya ce a ƙara. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti goma sha takwas, Ibrahim Khalil yana ta kai da komo a bakin ƙofa.

Sai dattijon ya cire abin kunnen ya ce, "Mutanen nan ba 'yan Gombe ba ne."

"Kamar yaya?"

"Ku saurara." Ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. "Kun ji mai cewa 'wagga mata'? Kun ji ɗayan, 'ina ɗiyan mutane'? Ga wata tsohuwa can baya tana cewa 'hwaɗa muna gaskiya'. Wannan Hausar yamma ce, ta wajen Sakkwato."

Ibrahim Khalil ya yi tsaki. "Malam, Sakkwatawa nawa ne a garin nan? Ko a bakin tashar nan akwai su."

"Akwai su, mutanen kirki ma. Amma taron mutum hamsin a Pantami, da yara da tsofaffin mata, a ce duk bakinsu ɗaya? Ba wanda ya saki Fulatanci ko kalma guda, ba saurayin da ya haɗa da Turanci? Ka taɓa ganin faɗa a Pantami aka gama shi da harshe ɗaya?"

Wani daga cikin 'yan rahoton ya yi 'yar dariya, ya yi sauri ya haɗiye.

"To kana nufin ƙarya ne?"

"Ban sani ba. Abin da nake faɗa ke nan, ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Kai ne shugaba, in ka ba wani ya fassara ba zan riƙe hannunsa ba. Amma ni ba zan sa sunan matar nan a bakin yarinyar nan ba sai na ga wurin da idona. Pantami ba nisa. Ka ba ni rabin awa."

Ibrahim Khalil ya dubi agogo, ya dubi dattijon. A shekara biyar da suka yi tare, bai taɓa jin ya ƙi aiki ba.

"Sha biyu saura biyar. In ban ji daga gare ku ba, ni da kaina zan shiga in karanta."

Malam Sallau ya ɗauki hularsa. "Taso, Zulfa'u. Muryarki za a ji, ya kamata idonki ya gani."

Suka tari Keke Napep a bakin titi. Zulfa ta zauna tana jin haushinsa har wuya. A ganinta yara uku na cikin haɗari, wataƙila har da Hikima, shi kuma ya tsaya yana nazarin lafazi kamar a aji. Da suka bar kwalta suka shiga layin unguwa, keken ya faɗa wani kududdufi, ruwan laka ya fantsamo mata a gefen atamfa. Ta sunkuya tana kakkaɓewa, sai ta tsaya cak. Ta ciro waya ta sake kunna bidiyon. Ƙasar da matar ke zaune a kai busasshiya ce ƙarau, har ƙura ke tashi daga ƙafafun mutane.

"Baba," ta ce a hankali, "ba laka a wurin."

Ya karɓi wayar ya duba, ya gyaɗa kai. "Ni ban ma lura da wannan ba. Madalla."

Tun daga kan kwana suka jiyo hayaniya. Makarantar gida ne mai ɗaki huɗu da aka yi wa fenti shuɗi da rawaya, an zana haruffa da dabbobi a jikin katanga. Mutane sun cika layin. Iyaye mata na turereniya a bakin ƙofa, kowace na kiran sunan ɗanta. Can gefe kuma samari sun fi ashirin, wasu da gora, ɗaya riƙe da galan ɗin da Zulfa ba ta so ta san abin da ke ciki ba.

A tsakiyar ƙofar wata mata ce tsaye, kakkaura, da tabarau da doguwar riga ruwan toka. Ta tokare ƙofar da jikinta, ta rungume babban littafin rajista a ƙirji. Tana kiran suna, wata malama ta fito da yaro daga ciki, ita kuma sai ta dubi fuskar mai karɓa ta tabbatar uwarsa ce kafin ta sake shi. Ba ta tsallake suna ko ɗaya ba. Babu ko ƙwarzane a fuskarta.

Zulfa ta tambayi wata mata a gefenta, "Wace ce waccan?"

"Ita ce Madam Olivia ɗin mana."

"To wa aka kama?"

Sai wani saurayi daga baya ya ce, "An ce belinta aka yi! Masu kuɗi ne ke bayanta!"

Zulfa ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Matar bidiyo siririya ce, fara. Wannan ko kusa ba su yi kama ba. Amma ga mutane sun zo da labarinsu a ka, kuma ganin matar lafiya lau bai raba su da shi ba.

Malam Sallau ya ratsa taron a hankali yana sallama, har ya isa gaban samarin. Furfurarsa ta sa suka ba shi hanya. Ya faɗi sunansa da gidan rediyon da ya fito. Wani magidanci ya ce, "Au, kai ne Sallau mai fassara? Kullum muna jin sunanka a ƙarshen labarai."

"Ni ne. Samari, ina da tambaya. Duk kun ga bidiyon?"

Suka ce sun gani.

"Kun gani, amma ba ku ji ba. Ku yi shiru minti ɗaya."

Ya ɗaga wayar Zulfa sama, ya ƙure murya. Muryoyin suka fito: wagga mata, ina ɗiyan, hwaɗa muna. Ya tsayar.

"A cikinku wa ke magana haka? Kai mai gora, haka kake cewa a gidanku, 'wagga mata'?"

Wani ya kwaikwayi lafazin da ƙarfi, biyu-uku suka fashe da dariya. Mai gorar ya sauke ta ƙasa yana murmushin kunya.

"Ku dubi ƙafafunku kuma," in ji Malam Sallau. "Laka har idon sawu. Ku dubi ƙasar bidiyon. Wannan 'yar tawa ce ta gano shi, ba ni ba."

Kawuna suka sunkuya kan wayoyi. Ba duka suka yarda ba. Mai galan ya ce ai 'yan jarida dama sayen su ake yi. Malam Sallau bai yi musu da shi ba. Ya ce masa, "Kada ka yarda da ni. Zo ka tsaya nan kusa da ni, mu ƙirga yaran tare."

Ya juya wajen ƙofa ya gaida matar.

"Madam, sannu da wannan rana. Yara nawa suka zo yau?"

Ta dube shi da jajayen idanu. "Baba, arba'in da ɗaya. Na sallami ashirin da tara a hannun iyayensu, ga sa hannunsu. Sha biyu suna ciki. Shekarata goma sha ɗaya a layin nan, Baba. Yayyen wasu yaran nan ma ni na koya musu karatu."

Aka fito da yara goma sha biyun suka jeru a baranda, wasu na kuka. Mai galan ya ƙirga da bakinsa, da ƙarfi, har sha biyu. Zulfa ta hango Hikima ta uku daga hagu, tana tsotsar yatsa. A daidai lokacin Bilkis ta iso a guje, mayafi a hannu, ta sure 'yarta ta juya, ba ta ko kalli Madam Olivia ba.

Sha biyu saura bakwai. Zulfa ta kira Ibrahim Khalil ta faɗa masa abin da suka tarar. Ya ce, "Ba za ku iso ba. Zan haɗa ki kai tsaye ta waya. Ki shirya."

Ta yagi takarda daga littafinta ta fara rubutu a kan gwiwa. Ta rubuta cewa wasu maƙiya zaman lafiya sun ƙirƙiri ƙarya domin haddasa fitina tsakanin al'umma. Malam Sallau ya leƙa, ya zaro jan bironsa ya ja layi a kai.

"Haba Baba! Wannan ma? Ai gaskiya ce!"

"Wataƙila. Kin san wanda ya rubuta? Kin san abin da ke ransa? Ɗazu ranki ya ɗauke ki ya kai ki wancan gefe, yanzu ya kwaso ki zuwa wannan. Faɗi abin da kika gani kawai. Ya isa, kuma ba mai iya ƙaryata shi."

Ƙarfe goma sha biyu daidai ta ji kiɗan buɗe labarai a kunnenta, sannan muryar Ibrahim Khalil yana cewa ga wakiliyarmu daga Pantami. Ta ja numfashi. Ta ce tana tsaye a ƙofar makarantar. Ta ce Madam Olivia na gabanta, lafiya lau, ba a kama ta ba, ba a dake ta ba. Ta ce yara arba'in da ɗaya suka zo yau, kuma an ga inda kowannensu yake. Ta ce matar da ke cikin bidiyon wata ce daban, masu magana a cikinsa ba Hausar Gombe suke yi ba, ƙasar wurin kuma busasshiya ce alhali an wayi gari ana ruwa a garin nan. Ta ce tashar ba ta san inda aka ɗauki bidiyon ba, ba ta kuma san wanda ya liƙa masa sunan Madam Olivia ba, kuma da zarar ta sani za ta faɗa.

Akwai mai shagon kayan masarufi a tsallaken layin da rediyonsa a kunne. Mutane suka riƙa jin muryarta sau biyu, ɗaya daga bakinta, ɗaya daga shagon. Suka yi tsit suna dubanta. Da ta gama, wata tsohuwa ta ce, "To, tun da rediyo ta faɗa." Taron ya fara raguwa ta gefe-gefe. Mai galan ya sulale ba wanda ya ga tafiyarsa. Motar 'yan sanda ba ta iso ba sai sha biyu da rabi, ta tarar da mutum bai fi goma ba.

Madam Olivia ta zauna a kan dakalin ƙofa, ta cire tabarau, sai a lokacin ta yi kuka. Malam Sallau ya tsaya nesa kaɗan har ta gama, sannan ya tambaye ta ko akwai wanda zai zo ya zauna da ita. Ta ce mijinta Bernard na kan hanya daga wurin aiki. Ba su tafi ba sai da ya iso.

A keken komawa, da suka kusa gidan rediyo Zulfa ta ce, "Baba, ni fa na yarda tun kafin in gama kallo. Da na ga sunan, ban ko tambayi kaina ba. Da an ce Hajiya wance ce, na san da na tsaya."

Ta zaci zai yi mata faɗa, ko ya ce ba komai. Sai ya ce, "Ni ma na yarda."

Ta juyo ta dube shi.

"Wallahi na yarda. Ina karanta takardar Ibrahim na ji zuciyata ta ce ai dama. Shekarata sittin da uku, na yi aiki da Kiristocin Kaltungo da Billiri, na ci abinci a gidajensu, amma sai da ta ce ai dama. Shi ya sa na kifa wayar. Duk labarin da na ji ya shige ni ba wahala, shi na fi tsoro." Ya gyara hularsa. "Kada ki ɗauka akwai ranar da mutum ke warkewa daga wannan. Sai dai ya san yana da shi."

Da suka shiga ɗakin labarai Ibrahim Khalil ya zo da kansa ya ɗauke takardar da ya rubuta daga teburin Malam Sallau, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya kuma ba da umarni a maimaita rahoton Zulfa a labaran ƙarfe huɗu da na shida, da Hausa da Fulatanci da Turanci.

Shafin Fesbuk ɗin ya goge abin da ya wallafa da yamma, bai ba kowa haƙuri ba. Bayan kwana tara wani abokin aikin Malam Sallau na dā ya aiko masa da asalin bidiyon: an ɗauke shi shekara biyu da suka wuce a wata kasuwa can yamma, kuma ba ma batun yara ba ne. Zulfa ta karanta wannan a labaran rana. Wanda ya liƙa sunan kuwa, har yau ba a san shi ba.

Makarantar ba ta koma yadda take ba nan da nan. Ranar Laraba yara goma sha huɗu ne suka zo. Wasu iyayen sun ce sun ji rediyo, sun kuma yarda, amma hankalinsu bai kwanta ba. Malam Sallau ya ce wannan ma labari ne, ya sa Zulfa ta koma ta yi hira da su da kuma Madam Olivia, aka sa a shirin ƙarshen mako. Zuwa ƙarshen zango yaran sun kai talatin da uku. Sauran ba su dawo ba.

Bilkis ta riƙe Hikima a gida mako biyu. Ranar da za ta mayar da ita ta roƙi Zulfa ta raka ta, don ba ta san da wane ido za ta kalli matar ba. Suka tarar da Madam Olivia a bakin ƙofa tana karɓar yara. Bilkis ta fara kame-kame, tana cewa yarinyar ce ba ta ji daɗi ba kwana biyu. Madam Olivia ta bar ta ta gama, ta kama hannun Hikima.

"Maman Hikima, ni ma uwa ce. Da ni ce, da na zo a guje." Ta dubi Zulfa. "Yaya Baba? Ki gaishe shi. Ki ce masa Bernard na nan zuwa ya gan shi, ya ƙi yarda in aika da gaisuwa kawai."

Zulfa ta isar da saƙon da ta koma ofis. Malam Sallau ya ce Allah ya kawo shi lafiya, amma a gaya masa ya zo bayan ƙarfe ɗaya, don kafin nan ba ya iya sauraron baƙo.